Yadda Za Ka Koyar da Mai Jin Sinanci Ma'anonin Kalmomin Turanci da Wuraren Amfani da Su

Basinen da ya gama sakandare a ƙasarsu ba jahilin Turanci ba ne. Tun daga 2001 ma'aikatar ilimi ta ƙasar Sin ta sa a fara koyar da harshen daga aji uku na firamare, kuma a jarrabawar shiga jami'a da suke kira *gaokao*, wadda ake zaunawa a watan Yuni, harshen waje na cikin manyan darussa uku tare da Sinanci da lissafi. Mafi yawan ɗalibai Turanci suke ɗauka. Wanda ya shiga jami'a kuma zai tarar da jarrabawar Turanci ta ɗaliban jami'a, CET-4 da CET-6, suna jiransa. Saboda haka mutumin da zai zauna a gabanka, injiniyan layin dogo ne, ko mai masana'anta a Kano, ko dillali a birnin kasuwanci na Yiwu a Sin, ko abokin karatunka a Wuhan, yana iya zuwa da kalmomi dubbai a kansa. Amma da ya buɗe baki sai ka ji *open the light*, ko ma ya kasa cewa komai. Su da kansu sun raɗa wa abin suna, *yaba yingyu*, wato Turancin bebe.

Tushen matsalar yana cikin yadda aka haddace kalmomin. Littafin hadda yana jera kalmar Turanci a hagu, fassararta ta Sinanci a dama, daga A zuwa Z. Ɗalibi ya tashi da yaƙinin cewa kowace kalmar Turanci tana da takwararta guda a harshensa, duk inda waccan ta shiga wannan ma za ta shiga. Aikinka na malami shi ne warware wannan yaƙini. Ƙara masa sababbin kalmomi ɗari a kan tsohon tsari ba zai gyara komai ba.

Bahaushe yana da wata dama a nan da Bature ba shi da ita. Mu ma koyon Turancin muka yi, kuma a wurare da yawa Hausa da Sinanci sun raba ma'ana iri ɗaya, Turanci ne ya ware. Ka san inda ramin yake domin ka taɓa tsallake shi.

Mataki na farko: gano abin da ya sani da gaske

Kada ka ba shi jerin kalmomi ka ce ya fassara. Zai cinye, ka ɗauka gwani ne. Ka sa shi ya ba ka labarin aikin da ya yi jiya na minti uku, ka naɗi muryarsa a waya da izininsa, sannan ya rubuta maka saƙo irin wanda yake tura wa abokin ciniki ko shugabansa. Ka zauna da waɗannan biyu ka kasa kurakuran kashi uku: inda bai san kalmar ba sam, inda ya san ta amma ya sa ta a gurbin wata, da inda kalmar daidai ce amma sigarta ta karkace. Kashi na farko yawanci shi ne mafi ƙanƙanta.

Ka tambaye shi me yake so ya yi da Turancin. Mai shirin jarrabawar ƙwarewar Turanci ta IELTS da mai ciniki a Kantin Kwari ba kalmomi ɗaya suke bukata ba. Kai ma ka koyi karanta *pinyin*, rubutun Sinanci da baƙaƙen boko wanda aka amince da shi a 1958, ka sauke ƙamus irin Pleco a wayarka. Ba sai ka iya Sinanci ba. Abin da kake bukata shi ne, idan ya yi kuskure, ka iya tambayarsa wace kalma ce a ransa, ka duba ka ga faɗinta.

Mataki na biyu: kalma ɗaya a Sinanci, huɗu a Turanci

Nan ne za ka fi daɗewa, kuma nan ne ribar take.

Ɗauki *kai*. A Sinanci da ita ake buɗe ƙofa, *kai men*, da ita ake kunna fitila, *kai deng*, da ita ake tuƙa mota, *kai che*, da ita ake yin taro, *kai hui*. Littafin hadda ya ce masa *kai* ita ce *open*, shi ya sa yake buɗe fitila da na'urar sanyaya ɗaki. Kishiyarta *guan* ma haka, rufewa ce kuma kashewa ce. Yadda za ka yi: rubuta *kai* a tsakiyar takarda, ka ja layuka huɗu zuwa *open*, *turn on*, *drive* da *hold*, a ƙarƙashin kowanne ka sa shi ya jera abubuwa biyar daga ofishinsa ko gidansa. Sannan ku tashi tsaye. Ka nuna taga, ka nuna fanka, ka nuna kwalbar ruwa, ka nuna janareta, yana faɗin aikatau ɗin da ya dace ba tare da dogon tunani ba. Ƙa'idar da za ka ba shi gajera ce: abin da ke aiki da wutar lantarki ko inji ana kunna shi, abin da ke da murfi ko ƙyaure ana buɗe shi.

Sai *kan*, wadda ta fi *kai* rikici. *Kan shu* karanta littafi ne, *kan dianshi* kallon talabijin, *kan pengyou* ziyartar aboki, *kan yisheng* ganin likita. Turanci ya raba wannan fili tsakanin *read*, *watch*, *look at*, *see* da *visit*. Hausa za ta taimake ka ka fayyace wa kanka kafin ka shiga aji, domin muna da gani, da duba, da kallo. *See* gani ne, abin da ya faɗo wa ido. *Look at* dubawa ce, ka juya ido da niyya. *Watch* kallo ne, ka zuba ido ga abin da ke motsi na ɗan lokaci. Ka ba shi jimla ɗaya da ta haɗa su ya riƙe: *I looked at the gate, I saw a lorry, and I watched it reverse.*

*Jie* ita ce za ta ba ka mamaki, domin tamkar kalmarmu ce ta aro. Bahaushe yana cewa "na ari littafi" yana kuma cewa "na ara masa littafi", saiwa ɗaya ce, alkibla ce ta sauya. Basine ma *jie* yake cewa a duka biyun, sai ya ƙara *gei* idan shi ne mai bayarwa. Turanci kuwa kalmomi biyu ne da ba su ko kama da juna: *borrow* na mai karɓa, *lend* na mai bayarwa. Ka koyar da su tare da ƙananan kalmomin da ke bin su, *borrow from* da *lend to*, kuna miƙa wa juna biro. Ka kula da bakinka a wannan darasi, domin *borrow me your pen* ta zauna daram a Turancin Najeriya.

Haka za ka bi *shuo*, wadda ta rabu zuwa *say*, *tell*, *speak* da *talk*. Kada ka yi ta bayanin ma'ana, ka nuna abin da ke bin kowace: *tell* tana son mutum a bayanta kai tsaye, *say* tana son maganar da aka faɗa, *speak* tana tafiya da sunan harshe. Sai *zuo*, wadda take kamar "yi" tamu, ta rabu zuwa *do* da *make*. Sai *xiwang*, fata, wadda ta rabu zuwa *hope* ga abin da zai iya yiwuwa da *wish* ga abin da ake buri alhali ba haka yake ba. Sai *wan*, wasa, wadda babban mutum a Sin yake amfani da ita ga fita shaƙatawa da abokai. Idan manaja mai shekara 45 ya ce *I played with my friends last night*, ka gyara masa da wuri zuwa *went out with* ko *spent time with*.

Kalma ɗaya irin wannan a kowane zama ta isa. Idan ka haɗa *kai* da *kan* da *jie* a rana guda, zai fita da takarda cike, kai babu komai.

Wani lokaci abin yana juyawa, Sinanci ne ke da biyu. Sanin mutum *renshi* ne, sanin labari *zhidao*, Turanci ya haɗa su a *know*. Sa riga *chuan* ne, sa hula ko agogo *dai*, Turanci ya ce *wear*. Dangi ma haka: kamar yadda muke raba baffa da kawu, su ma suna raba *shushu* da *jiujiu*, Turanci ya dunƙule su a *uncle*. Waɗannan ba su da wahala. Ka ambata su ka wuce.

Mataki na uku: kalma da abokan tafiyarta

Bahaushe shan magani yake yi, ko da ƙwaya ce. Basine cin magani yake yi, *chi yao*. Bature kuwa *take medicine* yake cewa. Babu wata hikima da ta sa ɗaya ya fi ɗaya daidai, al'adar harshe ce kawai, kuma yana da kyau ɗalibinka ya ji haka daga bakinka domin ya daina neman dalili a inda babu. Daga yau ka hana shi rubuta kalma ita kaɗai a littafinsa. Ba *rain* ba, *heavy rain*, domin *da yu* ta harshensa za ta sa shi cewa *big rain*. Ba *tea* ba, *strong tea* da *black tea*, domin shayin da Bature ke kira baƙi Sinawa ja suke kiransa, *hong cha*. Ba *knowledge* ba, *gain knowledge*, domin *learn knowledge* tana cika rubutun ɗaliban Sin. Farashi kuma *high* yake ko *low*, kaya ne suke *expensive* ko *cheap*.

Mahaɗan jimla ma a nan suke. Sinanci yana haɗa *suiran* da *danshi* a jimla ɗaya, daidai da yadda muke cewa "ko da yake ya makara, amma ya samu shiga". Yana kuma haɗa *yinwei*, "saboda", da *suoyi*, "shi ya sa". Turanci ɗaya yake ɗauka: ko *although* ko *but*, ko *because* ko *so*. Ka ba shi rubutunsa na jiya ya nemo inda ya haɗa su ya soke ɗaya da kansa.

Aikatau masu jela irin su *put off*, *run out of* da *look into* suna ba su tsoro, sai su gudu zuwa manyan kalmomin jarrabawa, su ce *postpone* da *investigate* ko a hirar cin abinci. Ka fara da waɗanda ma'anarsu take a fili, *come in*, *go out*, *take away*, domin Sinanci yana da irin wannan gini na nuna alkibla. Masu ɓoyayyar ma'ana kuwa ka tsinto su daga aikinsa: *the cement ran out*, *the deal fell through*, *the truck broke down*. Kada ka jera masa duk masu *get* a shafi ɗaya, rikita shi za ka yi.

Mataki na huɗu: sigar kalma

Kalmar Sinanci ba ta sauya siga. *Chenggong* ita ce nasara, ita ce yin nasara, ita ce mai nasara. Turanci yana da *success*, *succeed*, *successful*, *successfully*. Shi ya sa za ka ji *he is a success businessman* ko *this road is not safety*. Ka sa ya riƙa rubuta kalma da iyalanta a gida huɗu: suna, aikatau, sifa, bayanau.

Akwai hanyar da za ta sa ya so wannan darasi. Kalmomin Sinanci a buɗe suke, kana ganin abin da aka haɗa: kwamfuta *diannao* ce, ƙwaƙwalwar lantarki, wayar salula *shouji*, na'urar hannu, jirgin ƙasa *huoche*, motar wuta. Mu mun ari mota da tebur da asibiti daga Turanci, sun zame mana tsani. Su aronsu kaɗan ne, irin su *kafei* daga *coffee* da *shafa* daga *sofa*, don haka doguwar kalmar Turanci a wurinsu jerin baƙaƙe ce marar ƙofa. Ka nuna masa ita ma harɗaɗɗiya ce. Saiwar *port* ɗauka take nufi, ga *import*, *export*, *transport*, *portable*. Ɗafa-goshi irin su *re*, *un*, *mis* da ɗafa-ƙeya irin su *ness*, *ment*, *able* za su buɗe masa ɗaruruwan kalmomi.

Abubuwa uku a nan suna bukatar naci. Na ɗaya, *bored* da *boring*, domin *wuliao* ta ɗauki duka biyun, sai mutum ya ce *I am very boring* yana nufin ya gundura. Mai *ed* shi ne wanda abin ya shafa, mai *ing* shi ne sanadi. Na biyu, sunayen da ba a ƙirga su: *information*, *advice*, *equipment*, *furniture*, *luggage*. Ka gaya masa *a piece of advice* tamkar kalmomin ƙirga ne na harshensa, zai gane nan take. Na uku, *he* da *she*. A rubuce Sinanci ya raba su, amma a baki duka *ta* ne, shi ya sa gwanin Turanci ma zai ce *my wife, he is a doctor*. Ya san ƙa'idar sarai, bakin ne bai saba ba. Bayani ba ya maganin wannan. Ka sa hotuna biyu, namiji da mace, ya riƙa ba da labarinsu da sauri na minti biyu a farkon kowane zama.

Mataki na biyar: lambobi da kalmomin ciniki

Idan ɗalibinka ɗan kasuwa ne, ka kawo wannan mataki gaba, domin kuskure a nan asarar kuɗi ce. Turanci yana yanka lamba uku-uku: *thousand*, *million*, *billion*. Sinanci huɗu-huɗu yake yankawa: *wan* (ba waccan ta wasa ba) shi ne 10,000, *yi* shi ne 100,000,000. Saboda haka 350,000 a kansa *wan* 35 ne, miliyan ɗaya kuwa *wan* ɗari. Yana cikin juyawa sifiri ɗaya zai ɓace ko ya ƙaru. Ka riƙa karanta masa farashi yana rubutawa da lambobi, sannan ku juya, minti biyar kowane zama. Ka kuma ɗora shi a kan ɗabi'ar tura adadin a rubuce bayan kowane ciniki na baki.

Rangwame ma a juye yake. *Da ba zhe*, wato alamar 8, tana nufin ka biya kashi 80 cikin 100 na farashi. A Turanci wannan *twenty percent off* ne. Wanda bai sani ba zai ce *eighty percent discount*, mai saye ya yi murna, a ƙare da rigima. Ma'auni kuma, *jin* a babban yankin Sin giram 500 ne, rabin kilo, kada ya fassara shi da *kilo*.

Sai amsa tambayar korewa. Idan aka ce "ba ka biya ba?", Bahaushe yakan ce "e, ban biya ba". Basine ma haka yake tabbatar da maganar mai tambaya. Bature *No, I haven't* zai ce. Ka horar da shi ya riƙa cika amsar, kada ya tsaya a *yes* ko *no*.

Mataki na shida: nauyin kalma

Ƙamus mai harshe biyu yana ba da ma'ana, ba ya faɗin yadda kalma ke sauka a kunnen mai ji. *Xuanchuan* a Sinanci yaɗa bayani ne ko talla, babu aibi a ciki, amma *propaganda* farfaganda ce. An koya musu *you had better* a matsayin *zuihao*, shawara mai laushi, alhali a Turanci tana da ƙamshin gargaɗi, bai dace a faɗa wa shugaba ko abokin ciniki ba. Ka ba shi *you might want to* ko *I suggest*. *Are you convenient?* daga *fangbian* ta fito, abin da yake nufi shi ne *is this a good time?* Kiran kowa *dear* kuma ya zo ne daga salon masu sayar da kaya a intanet a can. Zai kira ka *Teacher* haɗe da sunanka, kamar yadda muke cewa Malam wane. Girmamawa ce, ka karɓe ta da hannu biyu, amma ka sanar da shi cewa a Ingila ko Amurka *Mr*, *Ms* ko *Dr* ake sawa.

Ba duk abin da ya fito daga Sinanci ne kuskure ba, kuma ina ganin zalunci ne a nuna wa ɗalibi haka. *Lose face* daga can ta shigo Turanci ta zauna, *add oil* ta ƙarfafa gwiwa kuma ta shiga babban ƙamus na Oxford a 2018. Maganar fuska ta shafe ka kai ma: babban mutum ba ya son a gyara masa magana a gaban ma'aikatansa. Ka rubuta kurakuran, ku duba su ku biyu bayan an watse.

Mataki na bakwai: ƙamus da bita

Kusan tabbas yana da manhajar fassara irin Youdao a wayarsa, da ya ga kalma sai ya latsa. Kada ka hana, amma ka sa sharaɗi: bayan fassarar, sai ya karanta jimlolin misali biyu. Idan ya ɗan yi ƙarfi ka mai da shi ƙamus na masu koyo na Turanci zalla, irin na Longman, wanda yake bayanin kalmominsa da kalmomi kusan 2,000 masu sauƙi. Mai shirin karatun jami'a kuma ya bi jerin kalmomin ilimi da Averil Coxhead ta fitar a 2000, mai iyalan kalma 570.

Haddar da ya saba da ita ƙarfi ce, ka yi amfani da ita. Abin da za a haddace ne zai sauya. A katin bita, na takarda ko na manhajar Anki, gaba ya zama jimla mai giɓi daga rayuwarsa, *Please ___ the generator*, baya ya zama amsar. Ya duba washegari, bayan kwana uku, bayan mako, bayan wata. Kalmomi takwas zuwa goma a zama sun wadatar, kuma kowace sai ya furta ta da ƙarfi, domin gaɓar Mandarin, wato daidaitaccen Sinanci, kusan kullum da wasali ko *n* ko *ng* take ƙarewa, sai ƙarshen *worked* ko *desks* ya faɗi ko a liƙa masa wasali. Ka nuna masa inda nauyin murya yake sauka, ka sa alama a kan gaɓar.

Idan a Najeriya yake aiki, akwai shafi ɗaya da za ka buɗe masa a ƙarshen littafin. Kullum zai ji *off the light*, *I'm coming* daga mai tafiya, *go-slow*, *dash*, *flash me*, *drop* a ma'anar sauka daga mota. Yana bukatar ya gane su domin da direbobi da leburori da 'yan kasuwa yake wuni. Ka raba shafin gida biyu, hagu abin da zai ji a wurin aiki, dama abin da zai rubuta a wasiƙar kamfani ko a jarrabawa, kuma duk mako ka tambaye shi sababbin da ya tsinto ku cike gurbinsu tare.